Ranar da Motar Sambo Ta Sha Bula

Na fara sanin Sambo mai wanki ranar Asabar, 9 ga Agusta, 1975, washegarin ranar da na tare a Unguwar Shanu. Na kai masa fararen rigunana na ofis. Ya ɗaga ɗaya ya duba ta a rana, ya girgiza kai.

"Malam akawu, farin nan ya gaji," in ji shi. "Amma kwantar da hankalinka. Babu farin da bula ba ta tayar da shi."

Dattijo ne gajere, mai yawan dariya, hannuwansa kullum a koɗe saboda ruwan sabulu. Shi ke yi wa ma'aikata da dama wanki da guga, daga Unguwar Kanawa har Malali. A shekarar da ta biyo baya ya sayi tsohuwar Fijo fara a hannun wani malamin makaranta da zai bar gari, don ya riƙa kai kaya. Inji lafiya lau, amma fentin ya mutu. Farin ya koma jaja-jaja, in ka shafa sai ya bar maka gari a tafi kamar alli.

Ana nan sai aka sa ranar auren Ado, ɗan marigayi ƙanensa, wanda Sambo ya riƙe tun yana yaro. Amaryar, Zuwaira, 'yar wani babban ma'aikaci ce a Malali. Dangin ango ne ke aika motar ɗaukar amarya, kuma duk danginsu Sambo kaɗai ke da mota. Sai saƙo ya iso daga Malali cikin ladabi, wai kada su wahalar da kansu, akwai sabuwar mota a gida.

"Ka ji fa!" in ji Sambo. "A kawo wa ɗana mata a motar surukai, kamar ba shi da kowa? Ina raye?"

Ana gobe biki ya ja ni Babbar Kasuwa mu zaɓo kayan wanke mota. Ni keke nake hawa, ban san komai a kan mota ba, amma ya ce mai karatu ba ya rasa amfani. A rumfar Alhaji Ila na karanta masa wani gwangwanin man goge mota. Ya buɗe, ya sansana, ya mayar.

"Wannan man takalmi ne aka sauya masa riga."

"Sambo, mota ba babbar riga ba ce," in ji Alhaji Ila. "Ko sitaci za ka sa mata?"

"Da tana da wuya ai da na sa, Alhaji!"

Ya ƙi soso, wai zai karce jiki. Ya ɗauki omo, da baƙin man takalmi na tayoyi, da farin akoko, da turaren wuta. Ƙarafan gaba da baya ya ce toka ta ishe su. Daga ƙarshe ya miƙa hannu ya ɗauki ƙullin bula. Ni ma na ga dabarar ta yi daidai.

Da safe ya wanke motar tas, ya dama bula a bokiti ya ɗauraye ta kamar yadda yake yi wa riguna. Mataccen fentin ya shanye ta sarai. Da rana ta busar, sai ga mota shuɗiya-shuɗiya, wani wuri ya fi wani. Muka sake wankewa da omo, ta ƙi fita. Sambo ya zauna a kan turmi. Can ya miƙe.

"To, waje ya ƙi. Saura ciki."

Ya yanka akokon ya rufe kujeru, bayan ya sa masa sitaci ya goge shi da dutsen guga. Ya turara cikin motar, ya rufe gilasai.

Bayan la'asar muka isa Malali. Sabuwar motarsu na tsaye a ƙofar gida tana walƙiya. Kakar amarya, Hajiya Laraba, ta fito da sandarta ta zagaya tamu, mata na bayanta suna ƙunshe dariya.

"Sambo, mota ce wannan ko daga marina kuka tsamo ta?"

"Hajiya, kwalliyar biki ta yi. Ke ma ai kin sa lalle."

Aka fashe da dariya. Ta buɗe ƙofar baya, ƙamshi ya buge ta. Ta shafa akokon, ta bi karin gugar da yatsa, sannan ta shiga ta zauna.

"Gidan da ake yi wa kujera guga ba za a bar jikata da dauɗa ba," in ji ta. "Ku fito da ita. Ni dai na riga na zauna."

Aka rangaɗa guɗa. Sambo ya ja mota a hankali, yana danna oda tun daga Malali har gida, sabuwar motar na biye da mu ɗauke da ƙawaye.

Shuɗin bai taɓa fita duka ba. Mutanen unguwa suka sa wa motar suna Mai Bula, kuma ta ɗauki amare da yawa bayan Zuwaira. A 1979 injinta ya buga, Sambo ya sayar da ita ga masu kayan gyara. Yanzu a keke yake kai wanki, kuma har yau shi ke wanke rigunana.