Sallamar Kaka a Kangon Dutse

Jama'a, duk wanda ya san ni a Bobigny, nan gefen Paris, zai gaya muku in na ga ɓera sai in ce kura na gani, kuma ba zan yi musu ba, don har malamarmu a lakwal, wato makarantar boko, ta taɓa roƙona in riƙa rage gishiri a zance. Amma wannan da zan ba ku, wallahi tallahi ban ƙara masa komai ba, a gaban idona aka yi shi 'yan shekarun baya, lokacin da muka je ƙasar Kambodiya bikin yayana.

Bari in fara da Kaka, mahaifiyar Babanmu. Daga Damagaram aka kawo su ita da mijinta Malam don a yi masa magani a Paris, sai kwana ya ƙare, aka binne shi a nan. Kaka ta yi takabarta a can saman benenmu, Baba yana wurin aiki, Mama tana wurin aiki, mu muna lakwal, ita kaɗai da bango. 'Yan gaisuwa sun zo kam, abokan Baba na unguwar Château Rouge, suka yi addu'a a falo suka tashi da sauri kada jirgin metro ya wuce su. Sauran duk ta waya aka yi, a ce Hajiya ya haƙuri, kafin ta amsa layi ya yanke. Da a gida ne, tsofaffin ƙawayenta za su cika ɗaki su wuni da ita, amma nan ko tsararta ɗaya babu.

Kaka ba ta yi kuka ba, shiru kawai ta yi. Matar da in ta fara labari sai tuwo ya huce, matar da take kirana maigida tana cewa ta yi asarar miji tunda ko cefanen albasa ban iya ba, sai ta koma kallon taga. In tsokane ta in ce amarya na dawo ina abincina, ko ɗaga ido ba ta yi. Abincin da take ci a wuni ko tsuntsu zai raina. Likita ya duba ya ce babu wata cuta, amma na ji yana gaya wa Baba a hankali cewa tsoho in ya saki jiki haka, tafiya yake yi. Tun daga ranar Baba bai ƙara dariya sosai ba.

Ana cikin haka auren Yaya Bashir ya taso. A Lyon yake karatu, can ya haɗu da Safiya, wadda aka haifa a Lyon amma iyayenta Musulmin Kambodiya ne. Aka ɗaura aure a Lyon, sai danginta suka ce a zo ƙauyensu a yi biki lokacin hutu don tsofaffinsu su gani. Babu wanda za a bar wa Kaka, dole aka tafi da ita, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, aka sa ta a jirgi kamar jaka.

Bayan biki kawun Safiya ya ɗaukar mana mota da ɗan jagora, ya ce ba za mu koma ba mu ga gine-ginen sarakunan Khmer na dā ba, kuma ba waɗanda Turawa ke cika ba, na can cikin daji. Muka tashi da safe muka yi ta tafiya a jar hanya, motar na jijjiga mu har na ji hanjina ya sauya wuri, ga zafi mai ɗanko wanda ko ɗan Damagaram sai ya nemi afuwa. Ɗan jagoran sunansa Sokha, siriri ne mai hula, faransancinsa kamar daga littafi yake karantowa. Kafin mu sauka ya gargaɗe mu kada kowa ya bar hanyar da aka share, don an binne nakiyoyi a dajin lokacin yaƙi, an tone su amma ba a wasa da abin. Baba ya damƙa mini hannun Kaka ya ce ko tuntuɓe ta yi ni zai tambaya.

Wurin nan, jama'a, sai wanda ya gani. Duwatsu baƙaƙe kowanne ya fi firij ɗinmu girma, an jera su an yi ɗakuna da zaure da hasumiya, itatuwa sun tsiro a kai, saiwoyinsu sun sauko sun rungume bango kamar yatsun ƙato. A jikin dutse an sassaƙa mata masu rawa da giwaye. Ƙwarin daji kuwa suna ta kuka kamar an kunna injin niƙa ɗari.

Muna isa ƙofar ginin farko kowa ya kutsa yana ɗaukar hoto, sai Kaka ta ja ta tsaya, ta ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Rabon da in ji ta yi magana da kanta har na manta. Daɗi ya kama ni, amma da yake ni ne, sai na ce mata masu gidan sun tafi kasuwa tun kafin a haifi kakan kakanta, ta shigo kawai. Ta saurara, ba a amsa ba, ta nemi dutse a waje ta zauna. A gini na biyu haka, a na uku haka. Wai ba a shiga gidan mutane ba izini, ko da kango ne. A wani ginin na laɓe bayan ginshiƙi na maƙale murya na amsa mata, ko juyowa ba ta yi ba, muryata ta san ta ko a cikin tulu na shiga.

Bayan mun yi azahar a inuwa, sauran suka tafi hawan wata doguwar hasumiya mai matakala, aka bar ni da Kaka a gindin itace, ina ta ƙunƙuni an hana ni hawa. Can sai na ga ta miƙe da kanta ta kama 'yar hanya. Na bi ta da sauri, hanyar sharariya ce, ta kai mu wani ɗan gini shi kaɗai wanda saiwa ta cinye rabin ƙofarsa. Ta tsaya ta yi sallama kamar yadda ta yi ta yi tun safe.

Sai ƙwarin nan suka yi tsit gaba ɗaya, kamar an ɗauke wuta.

Kaka ta karkata kunne, ta ce madalla, ta tuɓe takalmi ta shiga. Ni na tsaya a bakin ƙofa, kuma daga nan ina ganin ko'ina a ciki, ɗaki ne da bai fi kicin ɗinmu ba, ba wata ƙofa, rufin ya faɗi rana na shigowa, ƙasa duk busasshen ganye. Babu kowa, na rantse babu ko ƙadangare. Kaka ta durƙusa ta fara gaisuwa irin ta gida, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, tana faɗa tana dakatawa. To a cikin dakatawar nan ne nake jin wata murya, ta tsohuwa, ƙasa-ƙasa, kamar in ana magana a ɗakin maƙwabta kana jin sauti ba ka kama kalma. Na zuba wa bakin Kaka ido, a rufe yake duk lokacin da muryar ke fita. Na so in gudu, sai na tuna ni Baba zai tambaya, na tsaya.

Suka ɗan taɓa hira, sai na ji Kaka ta ce, "Malam ne, mijina. A ƙasar mutane ya cika. Ko ƙawata ɗaya ba ta zauna da ni ba."

Muryar ta daɗe tana magana a hankali, Kaka tana cewa amin, amin, na gode, sai kawai ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da Malam. Ta kwantar da kanta gefe a kan iska, ta jingina sosai, yadda in babu abin da ya tare ta dole ta faɗi, amma ba ta faɗi ba. Ina kallon mayafinta yana lotsawa a baya yana tashi, kamar ana shafa ta. Tsoro na nan, gashin jikina duk a tsaye, amma ni ma sai na ji hawaye na zubo mini, ban san lokacin da suka fara ba.

Da ta yi shiru, sai ta miƙa hannu biyu kamar mai karɓar ƙwarya, ta kai baki, ina jin ƙarar haɗiya har inda nake. Ta yi godiya ta miƙe. Da ta fito haɓarta a jiƙe take, ruwa ya ɗiga a gaban mayafinta, gorar ruwanmu kuwa tana rataye a wuyana tun ɗazu.

Ta dafa kafaɗata tana sa takalmi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maigida, haka aka koya maka? Ka tsaya wa mutane a ƙofa ƙiƙam, ko gaisuwa babu. Matar gidan ta tambaye ni ɗan wane ne wannan, na ce mijina ne na biyu, rago ne amma ba shi da mugunta."

Na durƙusa a wurin na ce wa ƙofar ina wuni, da wata murya da ko akuya ba za ta yarda tata ce ba.

Muka juyo, ina riƙe da ita, sai na lura takun da ke kan busasshen ganye ya fi namu yawa. Akwai wani a bayanmu, a hankali, ana jan ƙafa ɗaya. Ban waiga ba, kuma ko yau aka maimaita ba zan waiga ba. Da muka kusa babbar hanya Kaka ta tsaya ta juya ta ce, "Koma haka nan 'yar'uwa, rakiyar ta isa, ke da ƙafa ba lafiya ba." Takun ya tsaya. Jim kaɗan ƙwarin suka ci gaba da kukansu kamar ba a yi komai ba.

Ashe Sokha ya riga sauran saukowa, yana tsaye nesa kaɗan yana kallonmu. Ya cire hularsa, ya haɗa tafin hannu ya sunkuyar da kai wajen ɗan ginin. Na matsa na tambaye shi ko akwai mai zama a ciki, ya ce babu, sai dai tsofaffin ƙauyen da ke kusa ba sa wuce wurin ba su yi magana ba, shi iyakar abin da ya sani ke nan. Ya tambaye ni da wane yare kakata ta yi magana, na ce Hausa, ya girgiza kai ya mayar da hularsa.

Muna shiga mota Kaka ta ce yunwa take ji. Aka buɗe shinkafar da aka ƙunso mana a ganyen ayaba, ta cinye tata, ta jawo tawa ta cinye, tana ci tana mitar mutanen ƙasar nan ba su san yaji ba. Baba ya kalle ta ya kalle ta, sai ya juya fuska wajen taga yana share ido da hannun riga. Ta ba su labari ta sami wata tsohuwa a can, ita ma nata mijin ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya duk sun watse sun bar ta da gida. Mama ta dube ni, na gyaɗa kai, sai ta fara karanto addu'a a ƙasan numfashi. Baba ya ce a'uzu billahi, Kaka a bar maganar nan. Ita kuwa ta ce ko wace ce, ta dai iya gaisuwar mutuwa, Allah ya saka mata.

Kaka tana nan da ranta har yau, ta yi ƙiba, rabin shekara tana wurinmu, rabi tana Lyon tana goyon ɗiyar Yaya Bashir, kuma bakinta ba ya hutawa, har wani lokaci in ce a raina ina ma a ɗan rage. Na tambayi malamin da ke koya mana karatu ranar Asabar, ya ce Allah yana da bayi iri-iri, in yi ta addu'a in bar bincike. Na bari.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Wata rana ina raka ta Lyon a jirgin ƙasa, muna cin gyaɗa, sai ta ce mini ai ta yi wa ƙawarta kwatancen gidanmu, tunda wanda ya karɓe ka hannu biyu dole ka ce shi ma ya zo. Na ce wace ƙawa, ta ce ta dajin nan mana, ta gaya mata in ta iso ta shiga akwatin nan mai hawa sama saboda ƙafarta, kuma in ba ta same ta ba, maigida yana nan zai ba ta ruwa. Ban ƙara taɓa gyaɗar ba har muka isa.

Ba ta zo ba tukuna. Amma in na dawo lakwal da la'asar ni kaɗai a gida, na ji asansar, akwatin nan mai hawa sama, ya tsaya a benenmu ba a fito ba, sai in tsinci kaina na cika kofi da ruwa na ajiye a kan tebur. Ku dai in tafiya ta kai ku tsohon wuri, ko ya shekara dubu ba kowa, ku yi sallama ku ɗan saurara kafin ku sa ƙafa. In kuma kuna da tsohuwa a gida da ta yi rashi, ku ajiye waya ku je ku zauna kusa da ita, kada sai ta je wata ƙasa a cikin daji kafin ta sami mai yi mata.