Motar da Tsurumaki Ya Yi wa Bauta

Tsurumaki Genzo mai aski ya fi shekara arba'in da mota a garin Kiryu, amma da keke aka san shi. Motar Skyline ce ƙirar 1971, fara sol, tana kwance a gareji cikin mayafi kamar mai jego. Kullum da safe sai ya goge ta, ya tayar da injin na minti biyar, ya kashe. Sau ɗaya a wata yake zagaya unguwa da ita, yana tafiyar da mai keke zai wuce shi. Matarsa Fumie ta ce saura kawai ya riƙa kunna mata turare yana ajiye mata shinkafa, kamar yadda ake yi wa kakanni.

Maƙwabcinsa Kuwabara, manomin kabeji, mota ƙirar Fairlady Z gare shi, sa'ar waccan. Shi kam ya gasa mata aya a hannu a hanyoyin dutsen Akagi. Gefenta duk ƙwarzane, cikinta warin taki.

"Genzo, wai taka mota ce ko gawa?" in ji Kuwabara. "Kafin ka gama yaye mata mayafi tawa ta kai garin Maebashi."

"A sauka lafiya. Irin taka an cika Amurka da su. Tawa kuwa masu tara motoci daga Tokyo suke zuwa don su leƙa ta kawai."

"Su yi ta leƙe. Ni tuƙawa nake."

Da wannan musun suka yi furfura. Sai hannun Tsurumaki ya fara rawa, har ya yanki kunnen wani a shago. 'Yarsa ta kafe sai ya mayar wa 'yan sanda lasisinsa na tuƙi, yadda tsofaffi ke yi. Aka sa ranar Juma'a. Daga ranar shi da sitiyari sai kallo.

Da Juma'ar ta zo ya ce da motar zai je, ya kuma ɗauki doguwar hanya ta dutse. A wata miƙaƙƙiyar hanya ƙafarsa ta yi nauyi a kan totur, injin ya yi wani gurnani da bai taɓa ji ba, motar ta shanye kwana uku kamar ruwa. Ashe haka take! Baƙin ciki ya turnuƙe shi, ya tsaya a gefen hanya ya yi kuka sosai.

A ofis ya miƙa katin, ɗan sanda ya rusuna ya yi masa godiya. Sai da Tsurumaki ya fito sannan ya tuna ba shi da ikon mayar da motar gida. Dole ya kira Kuwabara.

Kuwabara ya zo, ko tsokana bai yi ba. Ya ja motar a hankali, yana lallaɓa ta kamar ya ɗauko ƙwai.

Tsurumaki ya harare shi daga kujerar gefe. "Kai, ɗan kabeji, iyakar iyawar taka ke nan? Juya ta hanyar dutse. Taka ta in ji."