Abin da na kasa faɗa wa Inna sai ranar naƙuda

Na haihu ranar Talata. Mace ce. Tiyata aka yi mini, kuma har yanzu muna asibiti a Kano.

Masu tambayar dalilin shiruna tun damina, ga shi.

Cikina yana wata bakwai ƙuraje suka feso mini a gaba, ƙanana masu ruwa, suka fashe suka zama gyambo. Fitsari ya koma kamar an zuba barkono. Ga zazzaɓi.

Lokacin na riga na tafi goyon ciki gidanmu, wani ƙauye a bayan Bagwai. Inna ta ce sanyi ne. A wajenmu duk abin da ya taɓa mace ta ƙasa sanyi ne. Aka tafasa bagaruwa, aka sayo kafso a kemis. Na yi shekaru ina tace labaran lafiya a gidan rediyo, amma na zauna cikin ruwan nan, don ban san me zan yi ba.

Mijina ya kai ni Kano. Likita ta ɗebi ruwan ƙurjin aka gwada. Ta ce herpes ce ta al'aura. Ƙwayar cutar ba ta barin jiki, magani kwantar da ita kawai yake yi.

Na ce daga ina? Ta ce, "Mutum kan yi shekaru da ita bai sani ba. Ku daina kallon juna. Ni abin da ke cikin nan ne damuwata." Tunda yanzu ta fara fito mini, in ji ta, jariri zai iya ɗauka wajen fitowa, kuma tana iya kashe jariri. Ta rubuta maganin acyclovir sau uku a rana har haihuwa, ta sa ranar tiyata.

Gyambon ya warke. Na ci gaba da shan ƙwayar, ina ɓoye ta cikin maganin ƙarin jini. Gyaɗar da muka ajiye don suna ita ta tafi a kuɗin aiki.

Inna kuwa ta gama magana da Gwaggo Tabawa, ungozomar da ta yanke mini cibiya. Na ce asibiti sun ce tiyata. Ta ce, "Su ai ko mura ce sai su ɗauko wuƙa. Ƙugunki lafiya, ɗa a daidai, me za a yanka?"

Ba ni da amsar da zan iya furtawa a gaban mahaifiyata.

Naƙuda ta riga ranar da aka ba ni. Da hantsi ta zo, mijina yana Kano. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma tana cewa, "Durƙusa, 'yar boko, wannan ba a rediyo ake karanta shi ba."

Sai na faɗa. Na faɗi wurin, da yadda ake ɗauka, da abin da zai iya yi wa ɗan.

Inna ta kawar da kai. Gwaggo ce ta naɗe tabarmarta, ta ce mata, "Yafa mayafinki, Hauwa. Na taɓa karɓar ɗa lafiya lau, bayan suna ƙuraje suka rufe shi, muka binne. Har yau ban san dalili ba. Nemo mota."

Faya ta fashe muna hanya. Da muka isa, likita ta ce wannan ne abin da ba ta so, don yanzu ƙwayar cutar na iya kaiwa ga jaririn.

Na gode wa Allah, na gode wa Gwaggo, da mijina da bai taɓa tambayata inda na samo ta ba, ni ma ban tambaye shi ba. Inna ba ta sake ta da zancen ba. Kowace safiya takan kwance zanen yarinyar ta duba fatarta tun daga ka har tafin ƙafa.

'Yan'uwa mata: ƙurji mai ruwa a gaba ba na zaman bagaruwa ba ne. A je a gwada tun yana ɗanye, musamman in da ciki. A sha maganin yadda aka rubuta. Kuma a faɗa wa mai karɓar haihuwa tun da wuri, kada a jira ranar tabarma kamar ni.

Yarinya tana shan nono, babu zazzaɓi. An ɗebi samfuri daga idonta da bakinta da fatarta. Sakamakon bai fito ba tukuna.