Likitar Kifi Za Ta Ajiye Wuƙa

Kafin kwale-kwalen farko ya iso gaɓa, ta riga ta wanke teburinta, ta wasa wuƙa a kan dutsen da ya lotsa a tsakiya, ta jera robobinta uku: na ruwa, na kayan ciki, da na kawuna. Mai saye ya miƙo kifi, ta kankare, ta farke cikin, ta yanka gunduwa-gunduwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki a kasuwar bakin ruwa, kuma a ƙarshen watan nan za ta ajiye wuƙa. 'Yan kasuwa suna kiran ta Likita. Ni Inna nake ce mata.

Ba don girmamawa aka sa mata Likita ba. Abin ya faro ne daga maguna. Magunan da ke kwana a ƙarƙashin teburinta kayan cikin manyan kifaye suke ci, na ɓangaren masu ƙananan kifi kuwa ƙananan suke samu. Wata shekara ta lura nata sun fara tangaɗi, suna faɗuwa ba wanda ya taɓa su, na can kuma lafiyarsu ƙalau. Dama tana da wata ɗabi'a da sauran masu gyaran kifi ba su da ita: ba ta jefar da tumbin babban kifi sai ta buɗe ta ga abin da ya ci. Kullum ƙananan kifaye take tararwa, biyar, goma. Ta ce a ranta, in akwai wani mugun abu a ruwan nan, to babban ne ke kwashe rabon kowa.

Daga nan ta fara tambayar masu saye. Mai sayar da ƙanƙara, wadda teburinsu ke haɗe, ta ba ni labarin wani magidanci da ya zo da ƙaton kifi yana murmushi.

"Wa zai ci wannan, ɗana?"

"Mai ɗakina ce, Inna. Cikinta wata bakwai, na ce yau babba za ta ci."

"Mayar da shi. Ɗebo mata ƙanana."

"Ƙanana? Ai sai surukata ta ce rowa ta kama ni!"

"Ta faɗa. In ta matsa maka, turo min ita."

Masunta ba su ji daɗin wannan ba, domin babban kifi shi ne abin alfaharinsu. In sun zo wucewa sai su ce, "Likita, ya masu jiki? An sallami magen?" Shugabansu ya sa aka kai teburinta can ƙarshen kasuwa, bakin kwata inda ruwan datti ke bi, ya kuma ce in ba ta kama bakinta ba, kasuwar ma za ta bari gaba ɗaya. Ba ta da wata sana'ar. Ba ta kuma daina tambayar ba.

A bakin kwatar nan na same ta, lokacin da nake neman kifin gwaji don binciken kammala karatuna. Kwana uku ina zuwa da kulata ta ƙanƙara ina tsayawa, na kasa yi wa kowa magana. Ita ta fara.

"Ke 'yar boko, in kifi kike so ki faɗa. In miji kike nema, waɗannan duk ƙarni suke yi."

Da na yi mata bayani, sai ta gaya min abin da na yi shekara ina karantawa, ba tare da ta san sunansa ba. Akwai gubar da ba ta fita daga jiki. Ƙananan halittun ruwa su ɗauki kaɗan, ƙaramin kifi ya ci su da yawa, babba ya ci ƙananan shekara da shekaru, duk ta taru a namansa. Sai kuma mu. Na ce mata muna zargin zaiba, sinadarin da masu wanke zinare ke amfani da shi a saman kogi, kuma ana iya gano shi a gashin mutum.

Ta ɗauraye wuƙarta, ta zame ɗankwali, ta yanko gashi daga ƙeyarta.

"Haɗa da wannan. Kawunan manyan nan da masu saye ke bari, ni nake kaiwa gida tun ba a haife ki ba. Ai ni ce kifi mafi girma a kasuwar nan."

Sakamakon ya ɗauki watanni. Jami'in lafiya ne ya karanta shi a gaban masunta: kaɗan a ƙananan kifi, mai yawa a manyan da ke cin kifi, a gashin Inna kuwa ya wuce yadda ya kamata nesa ba kusa ba. Shugaban masuntan ya cire hularsa, ya shafa sanƙonsa.

"To ni da me za a auna ni?"

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Shi da kansa ya kama gefe ɗaya na teburin aka mayar da shi wurinsa na da.

Inna, ke ce kika ga abin da muke wucewa ta gabansa kullum. Ke ce aka yi wa ba'a kika ci gaba da aikinki, mai wuƙa ɗaya da ido biyu. Akwai yara yau a unguwanninmu da iyayensu mata suka ci ƙananan kifi suna ƙunƙuni, ba su ma san ke ce sanadi ba. Hannunki ya fara rawa, likitoci ba su tabbatar ko tsufa ne ko wancan abin ba, ke kuma kin ce tunda wuƙa ta fara kuskure, lokacin hutu ya yi. Kogin bai gyaru ba tukuna, wannan aikin yana kanmu.

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da alheri.

Mu kuma da muka rage, mu riƙa duban abin da ke bi ta hannunmu a wurin aiki, mu faɗi abin da muka gani ko da za a yi mana dariya. In kuma wata a kusa da ku ta ce ta ga abin da bai kwanta mata ba, ku saurare ta tun kafin takarda ta fito. Inna shekara biyu ta yi a bakin kwata tana jiran a yarda da ita.