Jarrabawar da Na Mayar Wa Mai Ita

A unguwarmu, Moshi Zongo, in abu ya same ka, masu jaje kalma ɗaya suke zuwa da ita: jarrabawa. Wato wahala ce Allah ya aiko ya gwada haƙurinka, kuma za ta wuce. Na yarda da haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya cuce ka da hannunsa, sannan ya zo ya jingina wa Allah.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa na fara fataucin goro na kaina. Ɗakin ajiya ɗaya muke da wani dattijo, babban dillali, mai ce mini "ɗana". Wata tafiya da muka yi tare daga Kumasi, lorin da ta ɗauko goronmu ta yi wa jirgin fito nauyi a mashigin Yeji. Na je alwala, dattijon ya sa aka sauke nawa huhuna shida, aka haye da nasa. Kwana uku gorona yana rana. Ganyen ya bushe, goron ya yamushe.

Shi ya fara zuwa jaje. Ya dafa kafaɗata. "Ɗana, jarrabawa ce. Mai wucewa ce."

"Haka ne, Baba," na ce. Direban ya riga ya gaya mini komai.

Ta wuce ɗin, amma sai da na shekara biyu ina tallan goro a faranti a unguwar Sakasaka.

Masu goro muna da ƙa'ida. Duk wanda ya ga sankara, ƙwaron nan mai huda goro, a huhun wani, nan take zai faɗa a zazzage a tsince, ko da ba sa ga-maciji. Bayan na farfaɗo na koma ɗakin ajiyarmu, wata safiya ina canja ganye na hangi ƙwaya biyu masu huji a bakin huhunsa. Na ɗauka, na juya, na mayar inda suke. Kafin azahar na kwashe kayana zuwa unguwar Choggu, na ce ɗakin ya yi mini zafi.

Da ya kwance huhunsa, garin goro ya tarar. Bai sake hawa lori ba.

Na sa babbar riga na je jaje. Zauren cike da mutane. Na durƙusa na dafa gwiwarsa. "Baba, jarrabawa ce. Mai wucewa ce."

Ya dube ni. "Ka gani ko?" ya ce a hankali.

"Allah ne mai gani, Baba."

Na san na karya ƙa'ida, na kuma san za a tambaye ni ranar gobe ƙiyama. In an tambaye ni, daga Yeji zan fara.