Ranar da Aka Fasa Tankin Guntu

Guntu ya tashi ne a bayan yayansa, suna ƙodago a gonakin alkamar mutane. Su goma sha biyu ne. Idan mai gona ya watsa iri, sai su bi da manjagara suna rufewa kafin tsuntsaye su sauka. Alkama ta yi wata guda, su dawo su duƙa cirar ciyawa da hannu. Shekara ashirin yana wannan, har bayansa ya daina miƙewa.

Sai dai shi mutum ne mai lura. Ya gane cirar da ke cin su kwana uku, mutum ɗaya da tankin feshi zai gama ta kafin rana ta take. Matarsa ta sayar da awakinta, ya sayi tanki da maganin ciyawa.

Masu gona suka yi masa caa, don kuɗinsa bai kai rabin na cira ba. Abokan aikinsa kuwa suka koma zaman gindin bishiya. Yayansa ya same shi har gida, ya ce ya ajiye tankin nan, ya toshe wa gida goma sha ɗaya baki. Guntu ya ce shi ma bakuna yake ciyarwa.

Wata rana da hantsi abokan aikin suka tare shi a bakin magudanar ruwa. Ɗaya ya sharɓe masa ƙafa, ya kifa da tankin a bayansa. Suka sa fartanya suka fasa tankin, maganin ya kwarara masa a wuya da idanu. Yana birgima suna dukansa da ƙota, sai ya ji an take masa hannun dama. Ya gane takalmin.

"Yaya, har da kai?"

Yayan ya ɗaga manjagara ya sauke. Yatsu uku suka tafi.

Da 'yan sanda suka zo asibiti, Guntu ya ce magani ya rufe masa ido, bai ga kowa ba. Uwarsu tana raye, ba zai sa ta zaryar gidan yari ba.

Cirar dai ba ta dawo ba. Kafin shuka ta zagayo, masu gona sun sayi tankunansu. Yayan ya koma dako a birni. Guntu yana tsaron shagon maganin gona yanzu, yana auna wa manoma da hannun hagu, yana gargaɗinsu kada su yi feshi cikin iska. Ko a jana'izar uwarsu, 'yan'uwan ba su gaisa ba.