Ranar da Inna ta kira sunan Nomau

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da wata uwa ta kira sunan ɗanta na fari a bainar jama'a ba. Ku da kuka tarar da allurai cike da kabad, ku saurara.

A kakar 1968 ne, yaƙin basasa yana ci. Ina diresa a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Malumfashi. Diresa shi ne mai wanke ciwo ya ɗaure. Yana ƙasa da nas, yana sama da mai shara, zagin majinyata kuwa nasa ne shi kaɗai. Allurar kashe zafi ta yi wuya, ana cewa an kwashe ta zuwa bakin daga. Ɗan abin da ya rage sai don tiyata.

A lokacin aka kawo mana Nomau a kan jaki, wani magidanci Bamaguje, manomin auduga. Wuta ta kama ɗakin da ya tara audugarsa, ya kutsa ya fito da 'yarsa, ita ta tsira, shi kuwa bayansa da cinyarsa suka ƙone. Irin wannan ƙuna ba ta da magani sai wanki kullum. A jiƙa tsohon bandeji da ruwan gishiri mai ɗumi, a ɓare shi, a datse mataccen nama da almakashi, a shafa magani, a sake naɗewa. In aka bar wankin, ciwon ya ruɓe, guba ta shiga jini. Wankin farko ƙarti ne suka danne shi, ihunsa har bakin hanya.

Likitanmu wani dattijon Bature ne mai gurguwar Hausa, ni nake masa tafinta. Ya ce zai koya wa Nomau wata dabara da ya gani a wani yaƙin da ya wuce. Mutum ya kafa idonsa a wuri ɗaya, ya rage numfashi, ya saki gaɓoɓinsa, sannan ya kai zuciyarsa wani wuri mai sanyi da ya sani, ya zauna can. Nomau ya zaɓi rafin bayan ƙauyensu, inda yake wanka yana yaro. Likita ya bi da shi 'yan kwanaki, daga nan ya zama shi yake yi da kansa. Sai in ga ya lumshe ido, kafaɗunsa sun sauka, in yi aikina yana nishi sama-sama.

Mu ma'aikata muka raɗa wa abin suna barcin Likita, alhali ba barci ba ne, ba kuma na Likita ba. Ni kaina na tsorata da farko, har nakan yi addu'a kafin in taɓa shi. Abin da ya warware mini zullumi, wata rana ina cikin datsa ya buɗe ido ya ce, "Malam, ka bar wani zare a ƙasan kafaɗa." Na cire, ya mai da idonsa ya koma. Ashe duk yana jin mu, kuma in ya ga dama ya fito.

Amma ɗakin majinyata ya ɗauki surutu. Wani Alhaji mai karyewar ƙafa ya ce sihiri ne, Bature ya ƙwace wa arne hankali, ko wuta ya ce ya sake shiga zai shiga. Wani ya ce a wannan hali mutum yake tona asirin gidansu. Wasu suka ce bori ne kawai aka sa wa farar riga. Nomau sai ya yi murmushi ya ce, "To ku zo a ɓare muku baya mana, mu ga naku."

Mai jinyarsa mahaifiyarsa ce, kowa Inna yake ce mata. Shi ne ɗanta na fari, don haka kunyarsa take ji yadda aka saba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama bakin gadonsa, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. Sai ta ajiye kunu ta ce da ni, "Ɗan nan, miƙa wa wancan." Lokacin wanki takan fita ta zauna a gindin darbejiya kamar ba ruwanta.

Rannan aka yi rashin sa'a ta dawo ɗaukar ƙwarya, ta tarar da shi shiru, ido rufe, ina yankar naman jikinsa bai ko motsa ba. Da na gama, ta juya fuskarta ga bango ta tambaya, "Ina wancan yake zuwa?"

Shi ya amsa da kansa, cikin jin daɗi. "Rafi nake zuwa, Inna. Rafinmu."

Daga baya na ji cewa a wannan rafin ƙanenta ya nutse, kuma a wurinsu ruwan yana da masu shi. A fahimtarta kurwar ɗanta ce take fita ta je can ita kaɗai, wata rana kuwa za a riƙe ta.

Washegari na jiƙa bandeji, Nomau ya lumshe ido, numfashinsa ya fara sauka. Sai muka ji an ƙwala kira daga bakin ƙofa.

"Nomau! Nomau! Dawo!"

Har Alhajin nan mai baki ya sunkuyar da kai. Nomau ya buɗe ido yana kallon uwarsa, hawaye na zuba. Mutum mai mata da 'ya'ya, sai ranar ya ji sunansa a bakinta. Ta matso ta kama tsintsiyar hannunsa ta ce, "Ka yi mini alkawari ba za ka sake zuwa ba."

Ya ce, "Na yi, Inna."

Na kira Likita. Ya yi bayani ina fassarawa: ba inda yake zuwa, tunani ne kawai, kamar yadda mutum yake tuna gida in yana baƙunta. Na ce ta tambayi Nomau da kansa ko ba ya jin muryarta. Ta ce, "Yanzu yana ji. Ranar da bai ji ba fa, kai za ka shiga ruwan ka ɗauko mini shi?" Na ce to ya sake wuri, ya tuna gonarsa. Nomau ya girgiza kai. "Malam, ta kira sunana. Ba zan yi mata wayo ba."

Muka koma danniya. Wallahi na tsani hannuwana a kwanakin nan. Mutumin da ciwonsa ya fara jan nama mai kyau ya daina ci, ya daina barci, da ya ji ƙarar tirena sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Ƙarshe ya ce ko za a kashe shi ba mai sake taɓa bayansa. Likita ya ba da allura daga cikin ta tiyata har ya kai inda ba zai iya ƙarawa ba. 'Yan'uwansa suka zo suka ce za su gwada maganin gida. Likita ya ce musu in suka tafi da shi ba zai tashi ba. Suka ɗora shi a jakin da ya kawo shi.

Bayan an gama cin kasuwar auduga, Inna ta dawo ita kaɗai, ta kawo bargon asibiti da suka tafi da shi, a wanke a ninke. Ban tambaya ba, ita ta faɗa. Ta ce ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya rufe shi, ya yi ta kuka har ta kasa jurewa.

"Sai na ce masa, je ka rafin, na yafe maka alkawarin. Ya rufe ido, jikinsa ya saki, har fuskarsa ta yi kyau." Ta dube ni. "Ka gani, ɗan nan? Sau ɗaya na bar shi ya je, bai dawo ba."

Na buɗe baki in ce mata guba ce ta kashe shi, ba rafi ba, kuma wannan 'yar nutsuwar ita kaɗai ce sauƙin da ya samu. Amma sai na karɓi bargon na yi mata gaisuwa.

Abin da na ɗauka daga nan, mun koya wa mara lafiya, mun manta da mai zama a gindin darbejiya. Da mun zaunar da Inna tun ranar farko, ta riƙe hannunsa, ta yi masa magana ta ji ya amsa, wataƙila da ba ta kai ga kiran sunansa ba. Tun daga lokacin ban sake fara wa majinyaci wani sabon abu ba sai na leƙa waje na tambaya, "Ina mai jinyarsa?"